Gwandar Fata

Ranar da aka fara kawo min ita
na ɗauka mota ce ta bi ta kanta.
Na ce, yaro, wannan ta wuce gyara,
ina ka taɓa ganin ƙwallo mai baki biyu?
Ya yi dariya har da riƙe ciki.
Barau ke nan, mai karatun likitan dabbobi.
A akwatin wani malami ya tsinto ta,
wanda ya koma ƙasarsu ya bar ta
da usur guda, da littafin dokoki
da gara ta riga ta ci rabi.

Da rabin doka suka soma zari-ruga.
Su tara ne, wasa kuwa na sha uku.
Suka ari masu gadi biyu,
da Terna mai dafa wake a ɗakin kwana,
da wani dogo daga Bomo, rake ya kawo talla,
ya tsaya kallo, aka ce aje, shigo.

Fili a gangaren Kubanni,
turakun gora ɗaure da robar keke.
Shanun gonar jami'a kan riga su zuwa,
wanda aka kayar ya san da haka.

Ni baduku ne, rumfata na Samaru,
ban taɓa zama aji ba,
amma tarihin nan a hannuna yake, ɗinki bayan ɗinki.
Jan facin nan, shekarar da suka je Kaduna
a bayan motar tumatir.
Aka lallasa su, suka dawo suna waƙa,
Ishaya da haƙoransa biyu a aljihu.
Baƙin nan, shekarar dogon yajin aiki:
ciyawa ta kai ƙugu,
gorar ta shiga murhun wani,
ita kuma tana rataye a kaina
cikin takalman da masu su ba su dawo ba.

Na taɓa tambayar Barau:
ku da kuke son gaba, me ya sa kuke jifa baya?
Ya ce, Baba, haka rabin littafin ya ce,
dalilin yana cikin gara.
Sau shida a kayar da ku, ku miƙa wa abokan gaba,
in ka faɗi ka tashi, ka tura ta da dunduniya,
akwai wani a bayanka.
Na ce, wannan ai noma ne.

Sai zamanin Lantana, mai riƙe da asusu,
da gwangwanin madara da jan biro.
Ta gaji da ƙirga kuɗin man zafi,
ran nan ta ɗaure ɗankwali tamau,
ta kayar da kyaftin a gaban jama'a.
Daga ranar ƙungiya ta zama biyu,
aikina ya ninka, kuɗina bai ninka ba.

Kofi sau ɗaya suka ci.
Ba su da ofis, ba su da kabad,
ga shi can, ƙusoshina ke ciki.

Barau yanzu yana Giwa, yana duba awaki,
gwiwarsa na faɗa masa zuwan ruwa tun kafin hadari.
Terna mun yi jana'izarsa bara.
Ɗan raken nan, an ce shi ke hura usur.

Jiya wata yarinya ta zo, goshin Barau sak,
da sabuwar ƙwallo ta roba a hammata,
irin wadda ba ta san basilla ba.
Wai za su yi taron cika shekaru,
suna son tsohuwar, a sa ta a gilashi.

Na sauko da ita, na hure ƙura.
Fatar asali ba ta kai tafin hannu ba,
saura duk nawa ne:
bakin jaka, harshen takalmi, ragowar ɗamara.
Na ce, zauna, akwai zare ɗaya da ya saki.
Kuma in kin je, ki gaya wa tsohonki
ɗinkin farko, naira biyu,
har yau ina bin sa.